Alkawarin Gembu

A gidanmu, kamar yawancin gidajen cikin birnin Kano, mace da mijinta ba sa ɗaukar jaka su kama hanya su biyu sai da dalilin da za a iya faɗa wa mutane. Ko biki, ko gaisuwar rasuwa, ko asibiti, ko kuma Allah Ya kira mutum Umara. Shi ya sa ranar da Malam ya shiga ɗakin Hajiya, mahaifiyarsa, ya ce zai ɗauke ni mu je Taraba, abin da ta fara tambaya shi ne, "Wa ya rasu?" Ya ce babu kowa. "To wa ke aure?" Ya ce babu. Ta ajiye carbi ta dube shi. "To me za ku je yi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alkawari na yi mata, Hajiya, tun kafin a ɗaura." Hajiya mace ce mai tsare gida, ba ta son yawon da ba shi da kai, amma ba ta wasa da alkawari. Ta ce a mayar da shimfiɗar yaran ɗakinta, Allah Ya kiyaye hanya.

Alkawarin tsoho ne. Malam ya yi bautar ƙasa a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna da ke saman tsaunin Mambila, inda ya koyar da lissafi a wata sakandare. Lokacin da yake zuwa zance gidanmu, duk inda hira ta faro sai ta ƙare a can: garin da gajimare ke shigowa ta taga, garin da ake rufa da bargo biyu a watan Afrilu, lokacin da mu a Kano muke kwana a tsakar gida muna fifita. Rabin maganar na ɗauke ta daɗin bakin samari ne. Ya ce in Allah Ya yarda zai kai ni in gani da idona. Aka ɗaura aure, yara suka zo, shi yana kasuwa tun safe har magariba, ni ina kan keken ɗinki, maganar ta kwanta fiye da shekara goma. Sai wani dare na bazara, an ɗauke wuta, ina yi wa auta fifita, na ce masa, "Malam, ina garin nan naka mai bargo biyu?" Bai ce komai ba. Ashe ya riƙe. Ya shiga tara kuɗi ban sani ba, ya kuma zaɓi ƙarshen Oktoba, domin a lokacin ruwa ya fara ɗaukewa a can amma ciyawa ba ta bushe ba.

Hanyar da nisa, kada a ruɗi kowa. Muka bi ta Gombe, muka haye Binuwai a gadar Numan, muka kwana a Jalingo. Da asuba muka je tashar motocin Gembu. Malam ya ce ko da muna da motar kanmu a nan za mu ajiye ta, domin dutsen yana da direbobinsa. Muka biya kuɗin kujerar gaba, aka cika bayan motar da mutane da buhunan gishiri da katan-katan na taliya. Daga Jalingo sai Sunkani, sai Garba Chede, sai Bali, inda Kogin Taraba ya ratsa, kogin da jihar ta ci sunansa lokacin da aka cire ta daga Gongola a 1991. Duk wannan ƙasa ce mai zafi da duhuwar itatuwa, ga doya a bakin titi jibgi-jibgi. A Serti muka yi sallah, muka haɗa azahar da la'asar. Nan ne mashigar gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya kai mita 2,419, wanda babu wuri mai tsayinsa a ƙasar nan.

A Mayo Selbe, gindin dutsen, direba ya tsaya. Ya buɗe gaban mota ya ƙara ruwa a lagireto, ya zagaya yana duba tayoyi, ya taka birki ya saki. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne fasinjoji sun fara zaro rigunan sanyi daga jakunkuna, alhali gumi na zuba. Wata mata ta sa wa jaririnta hular ulu da safa. Malam ya miƙo mini suwaitar da ya saya a gwanjo, ya ce, "Riƙe a cinya, za ki neme ta."

Sannan aka fara hawa. Titin yana lanƙwasa yana komawa kansa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun wanda ba a ganin ƙarshensa sai kan itatuwa. Motar ta koma giya ta ɗaya tana gurnani. Kunnuwana suka toshe. Muka gamu da babbar mota ɗauke da katako tana gangarowa a hankali, yaron motar yana tafiya a gefenta da weji a hannu, ko da birki zai ƙi. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, da muka iso shi hira ta mutu a motar gaba ɗaya, ba ka jin komai sai salati da "Hasbunallahu wa ni'imal wakil". Na damƙe hannun Malam ban ma san na yi ba, a gaban direba, a gaban kowa. Bai janye ba. Tafin hannunsa ma a jiƙe yake. Can sai iskar da ke shigowa ta taga ta sauya, ta yi sanyi, ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Na sa suwaitar. Da muka ɓullo Maisamari, duniyar da muka baro a ƙasa ta ɓace.

Na zaci saman dutse duwatsu zan tarar. Sai ga tuddai masu laushi, kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, kamar an kifa ƙoruka a faifai. Babu ƙaya, babu kuka ko tsamiya, sai ciyawa da shanu, farare da jajaye, masu ƙibar da ban saba gani a shanun wajenmu ba. Tsaunin yana kan tsayin mita 1,600 ne a tsaka-tsaki, ƙudan tsando ba ya zama a irin wannan sanyi, ga ciyawa kusan duk shekara, shi ya sa Fulani suka hau da dabbobinsu suka zauna. A cikin kwaruruka da gefen garuruwa kuma itatuwan zaiti ne dogaye, a jere, waɗanda aka kawo aka dasa, yanzu su ne itacen girki, su ne katakon gini, su ne kayan da manyan motoci ke sauka da su. Muka wuce ta kusa da Yelwa, Malam ya nuna mini wajen da kurmin Ngel Nyaki yake, ragowar tsohon dajin tsaunin, inda har yanzu akwai manyan birran nan cimpanzi, masu bincike kuma suna da sansani a bakinsa. A Nguroje hazo ya rufe titi, direba ya kunna fitila da sauran rana. Muka shiga Gembu ana kiran magariba.

Gembu ba gari ne na ƙawa ba. Jar ƙasa ce, da gidajen bulo na laka masu rufin kwano, wasu sun yi tsatsa, sun hau tudu sun gangara kwari, ga babura ko'ina. Masaukinmu ƙarami ne, ɗaki mai tsabta da gado da barguna masu nauyi, babu fanka, babu ma inda aka tanada don a rataya ta. Ana tayar da janareta bayan magariba, a kashe idan dare ya yi. Na buɗe famfo zan yi alwala, ruwan ya taɓa hannuna, na ja da baya. Malam ya fita bai ce komai ba. Jim kaɗan sai ga shi da bokitin ruwan zafi, ya ɗauko da kansa daga madafar masaukin, ya sirka, ya sa yatsa ya gwada, ya ce, "Bismillah, yi alwalarki." A gidanmu na Kano, inda Hajiya take, ga ƙannensa, ga matan 'yan'uwansa, ba zai taɓa ratsa tsakar gida da bokitin ruwan matarsa ba, ni ma ba zan bari ba. Ba rashin so ba ne, kunya ce, kuma ina ganin girmanta. Amma na tsaya ina kallon tururin da ke tashi daga bokitin nan, idona ya ciko.

Daren nan aka kawo mana abinci, tuwon masara da miya da naman sa, a kwano ɗaya. A gida shi da ƙannensa suke ci a soro, ni da yara a ɗaki. Ina dafa masa abinci tun ina amarya, na san yawan gishirin da yake so, na san ba ya son miya ta yi ruwa, amma ban san yadda yake ci ba. Ashe a hankali yake ci, yana gyara gefen tuwon da yatsa kafin ya yanko loma. Ashe ba ya taɓa nama sai ƙarshe. Da ƙarshen ya zo, sai ya riƙa turo tsokar gabana, yana ɗaukar mai ƙashi. Na ce, "Malam, ai kai ne babba." Ya ce haka yake yi wa ƙannensa tun suna yara, hannunsa ya saba. Na tuna sau nawa ina zaɓar tsoka mai kyau in ɗora a saman kwanonsa, ina jin daɗi a raina cewa shi zai ci.

Da safe na ga abin da ya daɗe yana faɗa. Na buɗe taga, farin hazo mai danshi ya shigo a hankali, na miƙa hannu, ya jiƙa mini hannun riga. Ba a ganin gidan da ke tsallaken hanya. Ana jin carar zakara, ana jin ƙarar babur, ana jin ƙamshin hayaƙin zaiti, amma ba a ganin komai. Muka fita neman mai shayi, ni da hijabi a kan suwaita, shi da hular sanyi a madadin zanna. Mai shayin ya gaishe mu da Hausa, sai Malam ya amsa masa da Fulatanci: "Jam waali?" Suka shiga zuba, suna dariya, mai shayin yana tafa hannu. Na saki baki ina kallo. Mutumin nan da nake kwana ɗaki ɗaya da shi yana da wani harshe a bakinsa ban taɓa ji ba. A tsaunin, Fulatanci ne ke haɗa Mambila da Kaka da Panso da Kambu da Fulani a kasuwa, Hausa ma tana ci. Malam ya ce a ajinsa ya koya, domin idan lissafi ya ƙi shiga da Turanci sai ya nemi wata ƙofar.

A teburin mai shayin muka haɗu da wani dattijo mai farin gemu, lulluɓe da bargo. Da ya ji daga Kano muke, ya yi murmushi ya ce shi ba a Nijeriya aka haife shi ba, kuma bai taɓa ƙaura daga garinsu ba. Gaskiyarsa. Wannan yanki Jamusawa ne suka fara riƙe shi a cikin Kamaru, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin riƙon amana. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, Arewacin Kamaru ta Ingila ta zaɓi shiga Nijeriya, aka kira ta Lardin Sardauna, saboda Sa Ahmadu Bello da ya tsaya tsayin daka a kan lamarin. Sunan ne ya rage a kan ƙaramar hukumar har yau. Dattijon ya ce yana yaro a lokacin, amma yana tuna mahaifiyarsa ta yi kwalliya ta tafi jefa ƙuri'a. Wannan ya tsaya mini a rai, domin iyayenmu mata a Kano ba su samu wannan dama ba sai a shekarun 1970.

Muka je makarantar da ya koyar. Ya tsaya a bakin wani aji yana leƙe ta taga, ya nuna mini inda allo ya tsage tun zamaninsu. Daga nan ya ce akwai gidan da dole mu je. Wata mata ce 'yar ƙabilar Mambila, Kirista, da gidanta ke kusa da inda 'yan bautar ƙasa ke kwana. Duk suna kiranta Mama. Ita ce ta yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma da azumi ya zo takan tashi cikin sanyin dare ta ɗumama masa abin sahur, ta aiko ɗanta da shi. Muka yi ta tambaya, gari ya sauya masa, gidaje sun cike filayen da ya sani. Da muka samu gidan, sai 'yarta ta fito da goyo. Ta dube shi, ta sake dubansa, ta dafe ƙirji ta ce, "Kofa! Malamin lissafi!" Mama ta rasu shekarun baya. Malam ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hannu. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko a rasuwar mahaifinsa a soro ya yi kukansa, cikin maza.

'Yar Mama ba ta bar mu mun tafi ba. Ta tuƙa tuwon masara, ta yi miyar wani ganye da suke kira kumbi, mai ɗan ɗaci-ɗaci da daɗi, ta yanka mana fiya daga bishiyar bayan ɗaki. Suna ci suna lissafa ɗalibansa: wane yana koyarwa, wance ta yi aure a Jalingo, wane yana tuƙa Land Rover zuwa ƙauyukan bakin iyaka. Sai ta ambaci wasu ta yi shiru. A watan Yunin 2017 rikici ya ɓarke a kan tsaunin tsakanin manoma da makiyaya, aka rasa rayuka masu yawa, aka ƙona gidaje da rugage, aka kashe dabbobi. Ajin Malam akwai 'ya'yan kowane ɓangare, benci ɗaya suke zama. Tushen abin ƙasa ce. Wayar nan mai ƙaya da na riƙa gani ta kewaye tuddai tun daga Maisamari, wadda ban kula da ita ba saboda kyan wurin ya ɗauke mini hankali, ita ce iyakar makiyayar wani, manomi kuma yana kallon kwarin da yake nomawa yana ƙara yi masa kaɗan. Duk wanda zai hau Mambila don ya huta, ina ganin ya kamata ya san wannan, ya kuma iya bakinsa, domin mutanen da ke yi masa murmushi suna ɗauke da abin da bai sani ba. Kafin mu tashi ta shafa ɗinkin rigata ta ce ya yi mata kyau. Na ce ni na ɗinka. Na ciro tef daga jaka, domin ba na rabuwa da shi, na auna ta a tsaye a tsakar gidan, tana dariya tana cewa in bari.

Ranar da muka je Kakara rana ta fito sosai. Babura biyu muka ɗauka, muka ratse daga babbar hanya. Nan ne gonar shayin da ake yin Highland Tea, wadda aka kafa tun shekarun 1970. Shekara da shekaru ina shan shayi, ban taɓa tunanin yadda bishiyarsa take ba. Gajeru ne, iya ƙugu, an aske samansu daidai wa daida, sun bi tudu sun sauka sun sake hawa wani. Mata da maza suna tafe a tsakanin layuka da kwanduna a baya. Na tsaya kusa da wata mata ina kallon hannunta. Ba kowane ganye take tsinka ba, sai toho da ganye biyu na ƙarƙashinsa, masu taushi, masu hasken kore. Hannu biyu take aiki da su, idan tafin ya cika ta watsa ta bayan kafaɗa ba tare da ta waiwaya ba, kuma ba ya zuba ƙasa. Ta ce in gwada. Na tsinko, na murza, na sansana, ƙamshin ɗanyen ganye ne kawai, babu alamar shayi. Wani ma'aikaci ya bayyana mana cewa sai an baza shi ya yi yaushi, a yayyanka shi a inji, a bar shi ya sha iska har ya koma ja, sannan a busar da shi da zafi, a tankaɗe, a ware. Yatsun matar nan sun yi baƙi sun tsattsage. Awo ake biyansu, gwargwadon nauyin abin da mutum ya tsinka. Tun daga ranar ba na barin shayi ya huce a kofi in zubar.

Da yamma muka hau wani tudu a bayan gari, mu kaɗai, sai wani yaro can nesa da shanunsa. Muna tafe kafaɗa da kafaɗa. A Kano idan mun fita tare yana gaba ne ina baya, ko kuma yara na tsakaninmu. Muka zauna a ciyawa, ya buɗe filas ɗin shayi. Waya ba ta da sabis a wurin. Sai ya fara magana, ba tare da na tambaya ba. Ya ce da ya gama bautar ƙasa shugaban makarantar ya roƙe shi ya zauna, shi ma ransa ya so. Har ya yi cinikin 'yar saniya. Yana son koyarwa, yana son ganin fuskar yaro lokacin da lissafi ya buɗe masa. Sai aka aiko mahaifinsa ba lafiya, shago ba mai tsaro, ƙanne duk suna makaranta. Ya sauka da niyyar dawowa, bai sake hawa dutsen ba sai yau. Ya ce bai yi nadama ba, amma wani lokaci yana zaune a shago yana auna yadi sai ya ji ƙamshin alli.

Ni ma sai bakina ya buɗe. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa ko Ummata ba: a shekarun farko na aurenmu, a cikin gidan nan mai cike da mutane, kaɗaici ya kusa kayar da ni. Ba wanda ya cuce ni. Hajiya ta riƙe ni da kyau. Amma yakan fita ina barci-barci, ya dawo a gajiye, ya ci abinci a soro, ya shiga gaida Hajiya, kafin ya iso ɗaki ya zama saura. Idan mun yi magana, cefane ne, ko kuɗin makaranta, ko wane ba shi da lafiya. Ya juyo ya dube ni, ya kira sunana, ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?" Na ce, "A ina, Malam? Da yaushe?" Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Ki yafe mini." Na ce babu laifin da zan yafe, ni ma ban taɓa tambayarsa abin da ya bari a baya ba. Muka zauna har sanyi ya fara shiga ƙashi, yaron ya kaɗa shanunsa gida, muka sauko muna riƙe da juna saboda santsin ciyawa.

Na sha jin ana cewa irin wannan tafiya ta Turawa ce, ko ta masu kuɗin da ke zuwa Dubai. Ban yarda ba. Abin da muka kashe bai kai abin da ake kashewa a ankon biki ɗaya da gudummawarsa ba. Kuma ba wani abu muka yi da ya saɓa wa addini ko tarbiyya ba, miji ne da matarsa ta sunna suka samu wurin da ba wanda zai yi sallama a tsakiyar maganarsu. Gidajenmu na gandu suna da albarka, yarana suna da kaka da baffanni a kusa, ban fatan rasa wannan. Sai dai akwai maganar da ba ta fitowa a ɗakin da ake jin tarin maƙwabci ta bango.

Sauran lokacin mun yi shi ne a yawo. Mun gangara bakin Kogin Donga, inda ake ɗora babura da buhuna a jiragen ruwa a haye da su zuwa ƙauyukan tsallake. A kan wannan kogi ne aka daɗe ana maganar gina tashar lantarkin Mambila mai megawat 3,050, har aka sa hannu a kwangila da kamfanonin Sin a 2017, ga shi har yanzu ruwan yana wucewa abinsa, mu kuma da dare muna lallaɓa cajin waya kafin a kashe janareta. Abin ya yi mini ciwo, ba don mu baƙi ba, don masu garin. Mun shiga kasuwa, inda tsofaffin Land Rover, waɗanda wasunsu sun girme ni, ke shigowa daga ƙauyuka da lodin da ya fi su tsayi. Ayaba da fiya da gwaza da dankalin Turawa arha kamar a ce kyauta. Wata Bafulatana ta sayar mini da man shanu a kwalba, rawaya, mai ƙamshi, na ce "Useko" yadda Malam ya koya mini, ta yi dariya ta ƙara mini nono a ƙoƙo. Muka sayi zuma da katan ɗin shayi na tsaraba, da bargo mai kauri domin Hajiya.

Saukowa ta fi hawa ban tsoro, domin yanzu ramin a gabanka yake, kana kuma jin ƙaurin birki. Direban ya tsaya a hanya ya bar tayoyi suka huce. A Mayo Selbe kowa ya tuɓe rigar sanyi, zafi ya rufe mu, wayoyi suka fara ƙara. Babbarmu ce ta fara samunmu, tana ba da rahoton wanda ya yi faɗa da wanda ya ƙi cin abinci. Malam ya karɓi lambar direban kafin mu rabu a Jalingo.

Da muka koma na zaɓi atamfa mai ruwan ganye, na ɗinka wa 'yar Mama riga da zani da ɗankwali, na sa wa rigar dogon hannu da shafi a ciki saboda sanyi, na haɗa da 'yar rigar jariri. Muka ba motar Jalingo, daga can direbanmu ya karɓa ya hau da su. Ta kira tana ta godiya, ta ce da su ta je coci ranar Lahadi, mata suna tambayar wa ya ɗinka. Ba a yi wata ba sai ga kira daga tasha, wai mu zo mu ɗauki saƙo: rabin buhun dankali, da fiya a kwali, da ma'aunin mata uku a rubuce a takardar makaranta, kowacce da irin ɗinkin da take so.